Sawu a Bakin Ramin Gawayi

Rana ba ta gama ɗagowa ba labari ya game Tudun Kirya cewa an yashe ramin gawayin mata. Kafin Mansura ta iso bakin fadama jama'a sun riga ta, sun yi cirko-cirko, kowa na tattake abin da ya kamata a bari a duba.

"Don Allah ku ja baya," in ji ta. "Baya sosai. Kuna ɓata mini sawu."

Suka ja suna gunaguni. Ba don ganin girmanta suka ja ba, don 'yar Gide ce. Marigayi Gide mai bin sawu, tun daga Yargoje har Sabuwa in an kore wa mutum shanu shi ake aika wa. Mansura ta tashi tana biye da shi, tana tsugunawa inda ya tsuguna, har idonta ya koyi abin da nasa ya sani. Daga baya ta tafi kwalejin noma ta karanci ƙasa. Da ta dawo sai ta tarar fadamar garin ta mutu. Masu neman zinare sun daɗe suna wanke dutse a nan, dalma ta shiga ƙasa, ta shiga alayyahu, ta shiga cikin yara. Bayan shekarar da aka yi ta binne ƙanana, Dagaci ya hana daka dutse a cikin gari, fadamar kuma aka juya mata baya.

Ita Mansura ta je ta roƙi a ba mata aronta. Aka yi dariya, aka laƙaba mata Malama mai gawayi. Ta amsa sunan, ta ci gaba da aikinta. Ana tara totuwar masara da ɓuntun shinkafa da kara, a ƙona su cikin rami, a kashe wutar da ruwa kafin su zama toka. Abin da ya rage baƙi ne, marar nauyi, mai ƙofofi kamar saƙar zuma. Sai a cakuɗa shi da kashin awaki, a rufe da tsofaffin tabarmi, a bar shi ya sha ya ƙoshi. In an zuba shi a gona yakan riƙe laima da taki, kuma yakan kama dalma ya ɗaure ta, ta yadda saiwa ba za ta zuƙi mai yawa ba. Bara gefen da aka zuba wa ya yi masarar da ta rufe wa masu dariya baki. Na bana ne, wanda mata suka yi rani suna tarawa, aka ɗaga tabarma yau aka ga rabinsa ya tafi.

Ta tsuguna. Sawun takalmin danƙo ne, babba, irin na maza. Sawu kan sawu, wani ya bushe, wani ɗanye, alamar ba zuwa ɗaya aka yi ba. Amma takun gajere ne, kuma dunduniya na zamewa, kamar ƙafar ba ta cika takalmin ba. A gefen ramin ga shatin gindin daro, inda aka riƙa dire shi ana cikawa. Babu tayar baro, babu kofaton jaki, babu inda aka ja buhu. Namiji in zai kwashi irin wannan kaya buhu zai kawo ya saɓa a kafaɗa. Mai zuwa da daro a ka take ɗauka.

Ta bi sawun har burtali, inda shanun gari suka riga suka wuce kiwo suka dagargaza komai. Ta miƙe.

"Huta, 'yar boko," wata murya ta ce a bayanta. Yahuza ne, shugaban 'yan sa-kai, da bindigarsa ƙirar gida a rataye. "Mi kike nema a ƙasa? Ai mun riga mun kama shi."

"Wa kuka kama?"

"Abokin aikinki mana. Ɗanlahadi."

* * *

Dagaci, Alhaji Mas'ud, ya saurare ta yana murza carbi.

"Ranka ya daɗe, Baba Ɗanlahadi shi ya ƙona gawayin nan da hannunsa. Mutum zai saci guminsa?"

"Ɗiyata, ba satar ce ke damun mutane ba. Cewa ake masu haƙar zinare na cikin daji, waɗanda ke ƙarƙashin 'yan bindiga, suna neman gawayi. Cewa ake shi ke kai masu. Kin san duk wanda aka ce shina kai wa daji kaya, kin san inda maganarsa ke ƙarewa."

Ta sani. An taɓa fita da wani mai sayar da burodi bayan gari a kan irin wannan magana, har yau ba a ga ko hularsa ba.

"A ba ni lokaci, ranka ya daɗe."

"Na riƙe samarin nan zuwa a sauko Juma'a. Bayan nan ƙarfina ba zai kai ba. In kina da abin ubanki, yanzu ne ranarsa."

Ɗakin 'yan sa-kai na jikin gidan Dagaci. A nan ta sami Baba Ɗanlahadi zaune a ƙasa, hannuwansa ɗaure da igiyar shanu. Dattijo ne Kirista daga unguwar ƙetaren rafi, tsohon mai ƙona wa maƙera gawayi. Lokacin da gari ke yi mata dariya shi kaɗai ne namijin da ya zo ya tsaya a bakin raminta, ya ce wutarta ta cika shan iska, ya karɓi shebur.

"Baba, sun duke ka?"

"Sun dai gaishe ni. Gaisuwar 'yan sa-kai da ɗan nauyi take." Ya yi murmushi, leɓensa a kumbure. "Kin ga sawun?"

"Na gani. Ba naka ba ne. Naka akwai liƙin taya a dunduniyar hagu."

"To ki gaya masu."

"Na gaya wa Yahuza. Ya ce mutum na iya mallakar takalmi biyu."

"Ni da takalmi biyu! Allah ya amsa bakinsa." Ya matso da kai, ya rage murya. "Ba gawayi ya kawo ni nan ba, Mansura, bakina ne. Ran kasuwa na ce a gaban mutane akwai turmin da ba hatsi yake daka ba a garin nan. In na biyo ta lungu da hantsi ina jin sa. Dakan gero lugude ne, da daɗin ji. Wannan kuwa ƙas-ƙas yake, kamar ana tauna tsakuwa."

"A wane gida?"

"Da na sani ai da na faɗa. Katanga ba ta da suna."

Ta so ta gaya masa mace ce ta kwashi gawayin, ta haɗiye. Matan da ke zuwa fadama 'yan ƙungiyarta ne, sai matarsa Rifkatu. In ta furta kalmar mace yau, gobe Rifkatu ce za a zaunar kusa da shi.

* * *

Wanda bakin mutane ya fara kamawa bayan Ɗanlahadi shi ne Mani mai tsire, don kowa ya san kukansa na tsadar gawayi. Ta same shi a tasha yana jera tsinke.

"Malam Mani, barka da aiki. An ce kwana biyu wutarka ba ta mutuwa."

"Malama mai gawayi! Wato har ni?" Ya buga cinya. "Ke yanzu don Allah, in gasa wa mutane tsire da abin da ya kwana cikin kashin awaki? So kike a kore ni daga tasha?"

"Mai shanyawa ne in ya so."

"Na gwada, ba zan ɓoye maki ba. Bara na roƙi Baba Ɗanlahadi cikin hannu guda, kafin ku zuba masa ƙazanta. Fuu, ya cinye kamar takarda, ko albasa bai gasa ba. Gawayin kirya nake so, mai riƙe wuta. Duba buhuna in kina so."

Ta duba. Gawayin itace ne zalla, mai nauyi, mai ƙara in an buga. Ta kuma kalli ƙafarsa, faffaɗa kamar faifai, wadda ba takalmin da zai yi mata yawa.

"To ka ji abin da ka ce yanzu? Waɗanda ke daji wuta mai ƙarfi suke so. Me za su yi da namu?"

"Ni dai tsire nake saidawa," in ji Mani, ya waiga hagu da dama. "Kada ki ce ni na faɗa."

* * *

Alhaji Abdulgafar mai shagon takin zamani bai ba ta wurin zama ba. Tun da masarar mata ta yi kyau ya daina amsa gaisuwarta yadda ya saba.

"Na san za ki zo. An ce ni ne, ko? Don kin hana mata sayen takina."

"Ban hana kowa ba, Alhaji. Na ce masu gawayi na riƙe taki, ban ce ya maye gurbinsa ba."

"Haka kika ce, amma ba haka suka ji ba." Ya gyara zaman hularsa. "Ranar da kike magana ina Daudawa ɗaukar kaya, direbana na nan ki tambaye shi. Kuma bari in ba ki karatu kyauta, ke da kika yi makaranta. Ni in ɓarna zan yi, kwasa zan yi in kai gida? Ai rafi na nan kusa, shebur kaɗan zan tura shi ciki in tafi abina. Wanda ya zauna ya kwasa, ya maida tabarma ya rufe, ya sake dawowa, ba maƙiyinki ba ne. Ɓarawonki ya fi kowa yarda da ke."

Maganar ta bi ta har gida. Ta biya ta gonakin da ke bakin gari, tana tona kunya da yatsa, ko wani ya zuba a ɓoye. Babu. Ta haura ƙetaren rafi ta sa Rifkatu ta rako ta bakin hanya, tana satar kallon takunta. Dogon taku ne na wadda ta saba da tafiyar gona, ba shi ba ne. To wace mace ce ta yarda gawayi na kama guba, ba ta da gona, kuma ba ta iya zuwa ta roƙa da rana?

Da la'asar ɗin Alhamis hadari ya taso daga gabas. Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko, irin wanda manoma ke jira da iri a hannu. Mansura ta tsaya a zauren gidansu tana kallon yadda yake share ƙasa. Yahuza ya wuce da samarinsa, sun lulluɓe da leda.

"'Yar Gide! Sawu ya bi ruwa. Gobe sai ki zo ki karanta mana turanci."

Samarin suka kwashe da dariya. Ba ta koma ciki ba sai da suka sha kwana.

* * *

Da safiyar Juma'a ta fito ba ta san inda za ta nufa ba. Gari ya yi fes, ƙasa na ƙamshi, ruwa ya kwanta a lunguna. A bakin wani kududdufi ta ga wani baƙin zare ya yi wa ruwan kwalli, inda ambaliya ta ajiye tarkacenta. Ta sa yatsa ta ɗebo. Ba toka ba ce, ba kuma gawayin girki ba, wanda ke da nauyi yana nutsewa in ya jiƙe. Ƙananan ɓarɓashi ne, wasu da siffar ɓuntu cak, wasu da 'yan ramukan totuwa. Ta kai hanci. Warin awaki.

Ta daɗe tana faɗa da matan ƙungiya cewa su binne shi da kyau, don in an bar shi a sama ruwa zai ɗauke shi ya tafi. Ruwan da ya goge sawun ƙafa ya fito da na gawayin.

Ta bi zaren tana haurawa. Ya ɓace a kan fako, ya sake fitowa a gindin wata bishiyar bedi, ya maƙale a jikin ciyawa, ya lanƙwasa ya shiga lungu. A ƙarshe ya kai ta rariyar wani gida, inda bakin ramin ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa masa shuni. A jikin katangar zauren an rubuta ba shiga da farin fenti. Gidan Yahuza ne.

Wannan rubutu don maza aka yi shi. Ta yi sallama ta wuce.

Suwaibatu, matar Yahuza, na zaune a ƙofar ɗaki da 'yarta a cinya. Tare suka yi firamare, benci ɗaya, kafin hanya ta raba su. Da ta ga Mansura ba ta miƙe ba, ba ta kuma yi mamaki ba. Bayan ɗakin, wajen madafa, yashin da aka barbaɗa ya wanke, ƙasa ta fito baƙa. Ga turmi a kife, ga taɓarya da bakinta ya yi fari-fari, ga buhunan dutse an rufe da zana.

"Suwaiba."

"Na san ke za ki zo. Tun jiya da ruwa ya sauko na sani."

Mansura ta durƙusa ta dubi yarinyar. Fatimatuzzahra ba ta daɗe da yaye ba. Wuyanta ya saki, idanunta na kallon wani wuri da ba kowa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi take amai. Yanzu kuma shiɗewa. Yahuza ya ce iska ce, an kawo rubutu, an yi hayaƙi. Ni kuwa na ga irinta a shekarar da aka yi ta binne yara, Mansura, ƙanena haka ya fara." Muryarta ba ta rawa, ta riga ta gama kukanta. "Dutsen da suke ƙwacewa a hannun mutane nan yake kawowa. Ya ce gidansa ne kaɗai ba wanda zai bincika. Ni ke dakawa, ita kuma tana rarrafe a wurin. Na ji mata na cewa gawayinki na kama dalma. In ya dawo sintiri ya ajiye takalmi ya tafi masallaci, daga can teburin mai shayi, sai in zura in fita. Ba na so a ga sawun mace."

"Me ya hana ki aiko in ba ki?"

"In ce zan yi me da shi? Ina da gona ne?"

Mansura ta san gaskiyar da za ta faɗa ba ta da daɗi, amma ba ta saba rage gaskiya ba.

"Ki saurare ni. Gawayi ba ya cire dalma, ɗaure ta yake yi don kada shuka ta sha. Yaron da ke cin ƙasa da hannu, ko an zuba masa rami guda, zai haɗiye ta. Ƙasar gidan nan kankare ta za a yi a fitar. Zahra'u kuma ba gawayi take bukata ba, asibiti take bukata, yau."

Sai a lokacin fuskar Suwaibatu ta karye. "Duk wahalar nan a banza?"

"Ba a banza ba, tun da ita ta kawo ni. Tashi ki ɗauko mayafi. Akwai motar da ke fita Funtuwa kafin azahar, innata za ta raka ki."

"Bai ba ni izini ba."

"Na sani. Kuma akwai tsoho ɗaure a ɗakin 'yan sa-kai, in an sauko Juma'a za a fita da shi daji a kan abin da ke bayan ɗakinki. Zan yi magana, Suwaiba. Ba na so in yi ba da saninki ba."

Suwaibatu ta dubi 'yarta, ta daɗe. Sannan ta miƙe ta goya ta, ta ɗaure zani tamau.

"Ki faɗa. Ki kira sunana, kada ki ce wata. Ni ban ji kunyar abin da na yi ba."

* * *

Da aka sauko masallaci zauren Dagaci ya cika, waje ma ya cika. Mansura ta roƙa aka kirawo Mani da Alhaji Abdulgafar, aka shigo da Baba Ɗanlahadi da igiyarsa. Yahuza na tsaye a bakin ƙofa, samarinsa sun riga sun tada babura.

Ta durƙusa gaban Dagaci ta kwance bakin gyalenta, ta zuba masa ɓarɓashin a tafin hannu.

"Ranka ya daɗe, a ba Malam Mani ya duba. Wannan gawayin girki ne?"

Mani ya murza, ya sunsuna, ya yamutsa fuska. "Na mata ne. Ko kunu ba zai ɗumama ba."

"Zai narka wa mutanen daji wani abu?"

Mani ya kalli Yahuza, ya kalli ƙasa. "Ba zai yi ba."

"Alhaji Abdulgafar ya ce mini wanda ya kwasa ba ɓarna ya zo yi ba, amfani zai yi da shi. Gaskiya ya faɗa, na gode masa."

Alhajin ya yi gyaran murya, bai san ko ya ji daɗi ko ya ji haushi ba.

"Duk wannan zagaye ne," in ji Yahuza. "Rana na yi. A ba mu shi."

"Saura tambaya ɗaya, kuma taka ce, Malam Yahuza. In ka dawo sintiri, ina kake ajiye takalminka na danƙo?"

"Mi ya haɗa ki da takalmina? Bakin ɗaki. In sa silifa in tahi masallaci."

"Ka taɓa dawowa ka same shi da laka sabuwa?"

Yahuza ya kau da kai.

"Wannan da ke hannun Dagaci a bakin rariyarka na ɗebo shi. Duk mai shakka ya je ya gani, rariya a waje take, ba sai an shiga gida ba. Suwaibatu ce ta kwasa, da daro, a ka, cikin takalminka. Ta ce in kira sunanta."

Zauren ya ruɗe. Wani ya ce subhanallahi, wani ya ce ƙarya ne, matar kulle ina ita ina fadama. Yahuza ya yo kanta, samari biyu suka riƙe shi.

"Ƙazafi za ki yi wa iyalina? Mi za ta yi da kashin awaki?"

"Ta zuba inda take daka maka dutsen da kuke ƙwacewa a hannun mutane. Buhunan na nan ƙarƙashin zana. Ranka ya daɗe, a aika dattijai mata su gani. Ta yi ne don 'yarta, don ta ga dalma na cin yarinyar kana cewa iska ce."

Samarin da ke riƙe da shi suka sake shi a hankali, suka matsa gefe, don da hannunsu suka ƙwato dutsen nan suna zaton a matacciyar rijiya ake zuba shi.

"A kira ta," in ji Yahuza. "A kira ta ta faɗa da bakinta."

"Ba ta nan. Suna hanyar asibiti."

"Da izinin wa ta fita?"

"Yarinyar ta shiɗe har a bakin mota, Malam Yahuza. Ka tambayi yadda take tukuna, sannan ka tambayi izini."

Ya zame ya zauna a dandaryar ƙasa, bindigar ta faɗi gefe ba wanda ya ɗauka.

Dagaci ya share hannunsa da gefen riga, ya yi ajiyar zuciya. "To, alhamdulillahi, gaskiya ta fito. A kwance Ɗanlahadi, a fitar da shi ta baya ya tahi gida. Sauran magana ta cikin gida ce, za mu zauna."

"Allah ya ja zamaninka," in ji Mansura, ba ta tashi daga durƙuson ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. "Ta gaba aka shigo da shi, gari na kallo, ana ce masa ɗan aiken daji. In ya fita ta baya, gobe wanda bai ji ba zai tare shi a hanyar gona. A bainar jama'a aka ɓata shi, a bainar jama'a za a wanke shi."

"Yarinyar nan ba ta da ta ido," wani dattijo ya ce.

"Baba, ta ido ce ta kusa kashe mutum yau."

Dagaci ya dube ta, ya daɗe, kamar mai neman fuskar wani a cikin tata. Sannan ya sa aka kira mai shela, ya faɗa masa abin da zai faɗa a tasha da bakin kasuwa da ƙetaren rafi. Ya kuma ce wanda ya ɗaura igiyar shi zai kwance ta.

Yahuza ya ja jiki ya zo. Ƙullin ya ƙi, sai da ya sa haƙori. Baba Ɗanlahadi ya murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci, ya dubi mutumin da ke durƙushe a gabansa. Kowa ya zuba kunne ya ji irin baƙar maganar da zai mayar.

"Tashi ka bi su," ya ce. "Ga babura nan an riga an tayar. Nawa jikan, sai da muka gama gardamar iska ce ko ba iska ba sannan muka kai shi. A hanya ya cika."

Yahuza ya fita da gudu, ko silifa bai tsaya nema ba.

Tsohon ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi, don sun daɗe a naɗe. Mansura ta miƙa masa kafaɗa. Suka fita ta ƙofar gaba, a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya, jama'a na darewa suna ba su hanya. A can tasha mai shela ya fara ɗaga murya, yana kiran sunan Ɗanlahadi.